Kamun Kifi a Pindiga

Ranar Laraba, bayan la'asar,
injin haƙa ya yi wata irin ƙara,
irin ta haƙori in ya gamu da tsakuwa a shinkafa.
Sanda ta yi sakayau a hannun Jibir.
Muka zaro bututu, ɗaya bayan ɗaya,
na ƙarshe ya fito ba kai.

Mita ɗari uku da sha bakwai.
Can bakin haƙar ya kwanta,
shi da dutsen da ya ciza bai haɗiye ba.

Dakta Rifkatu ba ta ce uffan ba.
Ta koma rumfa, gaban akwatunan duwatsunta
da take jerawa kamar shafukan littafi.
Ita ce ke cewa garin nan tsohon teku ne,
ga dodon koɗi ya zama dutse, in kana neman shaida.
Wata uku muna tono mata labari,
yau an yage shafi a tsakiya.

A sana'armu, ciro abin da ya faɗa rami
sunansa kamun kifi.
Teku ya ƙafe tun ba a haifi mai fatsa ba,
ga mu mun zo masa da ƙugiya.

Wadda aka saya da tsada ta sauka sau uku,
sau uku ta dawo da laka.
Muka zura curin dalma, ya je ya taɓo,
ya hau da tabo a goshi:
ashe ƙarfen ya jingina da bango,
bakinsa a yage, ya kau da kai kamar mai fushi.

Babana haƙar rijiya ya yi a Kumo.
In guga ya tsinke, ba ya leƙawa,
rufe ido yake, ya saurari igiya.
Na zana ƙugiyarsa a bayan kwalin sukari,
na kai wa Bappayo mai walda, bayan Tashar Dukku.
Ya duba, ya tofar da goro,
ya jawo sifirin wata matacciyar roka.
Kafin magariba ƙarfe ya lanƙwasa wuya.

Daren Lahadi, janareta na tari,
ƙwari sun yi wa fitila kasuwa.
Jibir ya dafa bututu da tafin hannu,
a hankali, juyi ɗaya, rabin juyi,
koma baya kaɗan.
Ba wanda ya sha shayinsa.
Sai allurar ma'auni ta girgiza, ta ɗaga,
nauyi ya dawo!

Awa tara muna ja,
ba mai faɗin an samu, kada rami ya ji.

Ya fito da hantsi, baƙi ƙirin,
haƙora uku sun zube, zare ya cinye.
Muka wanke shi da dizal a rabin duro,
Bappayo ya zo kan acaɓa da zartonsa,
ya sake yanka zare, muka sauya roba,
muka shafe shi da giris kamar mai jego.

Dakta kuwa guntun dutsen ta karɓa da hannu biyu,
ta goge shi da tsohon buroshin baki,
ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ni.
Wani abu ne kamar ƙayar aduwa, mai sheƙi.
Ta ce haƙorin kifi ne.

Jibir ya ce to a dafa mana,
kuma a tuna da kuɗin kwana biyar.
Ya murza makulli.
Ɗari uku da sha takwas.