Maɗaci

Hadarin Talata ya karya gicciyen majami'armu,
ya faɗo kan kwano, ya rabe biyu.
Fasto ya aiko yaro da 'yar takarda:
Kefas, kafin Juma'a.

Na tafi 'Yan Katako, can Na'ibawa,
inda ƙamshin itace ke danne warin hayaƙi.
Alhaji Tasi'u ya jawo mini maɗaci,
ja kamar hanta, da nauyi kamar bashi.
Ya ce, "Shekara ashirin muna ciniki, ban taɓa tambayarka ba.
Da a ce da takobi aka kashe masoyina,
ai ba zan rataye takobin a ƙofa ba."
Na yi murmushi, na ƙirga masa kuɗinsa.
Amsa ba ta zo mini a kasuwa ba.

A rumfata, Sabon Gari, bayan masu faci,
na ja zarto, gari ya zubo mini a ƙafa.
Na lasa. Ɗaci har maƙogwaro.
Sai na tuna Kaka Rifkatu
tana jiƙa ɓawonsa a ƙwarya in cikinmu ya murɗa,
ta toshe mana hanci, ta ce mu haɗiye,
abin da ya fi ɗaci shi ke korar cuta.

Doguwar sandar ba ta ba ni wahala ba.
Ƙafa a ƙasa, kai a sama,
kowa ya iya kallon sama ya ce Ubangiji.
Gajeriyar ce ta tsayar da ni,
wadda ke miƙa hannu dama da hagu.
A hagun nan ƙanena Barnaba yake,
shi da ya sayar da filin babanmu ina kwance a asibiti.
Damina bakwai ban amsa gaisuwarsa ba.

Ƙusa ta uku, guduma ta zame,
ta sauka kan babban yatsana.
Na zagi guduma, na zagi maƙerinta,
na zagi yaron da ya yi dariya.
Yatsa ɗaya fa, farce ɗaya.
Shi kuwa tafin hannu biyu, ƙafa biyu,
ƙarfe na ratsa jijiya,
bakinsa na nema wa masu bugun gafara.
Na zauna kan benci, jini na ɗiga a garin katako.
Shekara talatin ina riƙe da guduma,
sai ranar na gane a wane ɓangare nake tsaye.

Da yammar Alhamis babu mai a-daidaita da ya yarda ya ɗauka,
ya fi keken tsawo.
Na saɓa shi a kafaɗa, na bi gefen titi,
masu lemo na kaucewa, 'yan acaɓa na tsaki.
Wajen Bata gwiwata ta fara rawa.
Wani ɗan dako, ban san sunansa ba, ban san addininsa ba,
ya ajiye gammo, ya kama gindin,
ya ce, "Baba, kaya ba ya tambayar mai shi."
Har ƙofar majami'a. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Mun kafa shi babu kowa a kai.
Wannan ita ce amsar, Alhaji, in na iya faɗinta:
takobi ya ci wanda ya sara,
wannan itace bai iya riƙe wanda aka kafa masa ba.
Mutuwa ta haɗiyi abin da ya fi ƙarfin cikinta,
kwana uku ta amayar.
Ba makamin muke ɗagawa ba,
wurin da aka biya bashinmu muke nunawa,
kamar mai riƙe da rasit bayan an yafe masa.

Juma'a da safe, yatsa a naɗe da tsumma,
na nemo lambar da na goge tun tuni,
ashe tana nan a kaina.
Ta yi ƙara sau huɗu.
"Yaya?" in ji shi, murya na rawa.
Na ce, "Barnaba, kana gida?"
Ɗacin yana nan a harshena.
Na haɗiye.