Ƙas Goma Sha Shida

Kala uku Obinna ya jera kan kwali
a rumfarsa ta Sabon Garin Gusau:
baƙa 'yar Beljiyam, mai na tsatsafo mata a wuya,
ja mai maɓalli ɗaya,
sai ruwan ɗorawa mai maɓalli biyu da ɗan tulun gas a kwiɓi.
Kuɗin huɗunta ya haura kuɗin bijimi.

Na ce a ba ni wadda ta fi tauri.
Labbo bai fito daga ƙarƙashin mota ba,
ƙafafunsa kawai nake gani, ɗaya babu silifa.
"Mi kaka so da tauri? Taɓarya ka zo saye?
Shokozoba gammo ce, yaro.
Ka taɓa ganin mai tulu ta naɗa gammon dutse?"

Ya miƙe, ya goge hannu a gindin wando,
ya danna baƙar da ƙirji, ta nutse ba gardama,
ta taso kamar an kira sunanta a kasuwa.
"Wagga ta gama aiki."
Ja kuwa, in ka ɗaure shigarta ka ɗaure fitarta,
baki ɗaya gare ta, magana biyu.
Ya juya ruwan ɗorawa kusa da kunnena.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
Na sama na dannuwa ne, na ƙasa na dawowa,
goma sha shida kowanne.

Na ƙirga kuɗi sau biyu, ko za su ƙaru.
Tayoyin da na yi niyya suka koma baɗi.

Asabar, filin da muka share gindin Kwatarkwashi,
tsofaffin tayu aka jera, su ne kwana.
Mota bakwai, agogo ɗaya,
yana hannun Tsahara, ƙanwar Maidamma,
wadda ba ta yi wa kowa ragin daƙiƙa.
Labbo ya sa takwas gaba, takwas baya,
ya ɗaura zare a sandar kowace ƙafa
don ya ga iyakar inda take durƙusawa.
"Abu ɗaya za ka taɓa, ka zagaya, ka rubuta."

Da ya tafi alwala
na murɗe su duka har ƙarshe.

Miƙaƙƙiyar hanya ta yi mini daɗi.
Kwana ta uku, inda ruwan bara ya bar gargada,
motar ta koma kwaɗo.
Haƙora na haɗuwa, sitiyari babu nauyi,
taya na sama tana neman ƙasa,
bayanta ya wuce gabanta,
na tsaya ina kallon inda na fito.
Wani yaro mai awaki ya tafa mini.

Labbo bai ce komai ba.
Ya duba zaren, ko faɗin yatsa bai motsa ba.
Ya ba ni sufana, ya koma inuwa.

Na sassauta. Tara. Zagaye.
Bakwai a baya. Zagaye.
Hanci na nutso in na taka birki, na ƙara biyu a gaba.
Na rubuta a bayan rasit ɗin Obinna
har biro ya huda takarda.
Wajen la'asar sakaliya
kwana ta uku ta karɓe ni,
na ji ƙasa tana magana ta cikin kujera,
ƙafa huɗu, kowacce a wurinta.

Tsahara ta ce minti ɗaya da arba'in da biyu.
Na huɗu cikin bakwai.
Maidamma ya yi dariya, ni ma na yi.

Kafin mu kama hanya na durƙusa da fitilar waya
na mayar da su uku-uku.
Gobe da safe zan kai Inna asibiti,
bayanta ba ya son rami.