Gyaren Modi

Shekara ashirin da biyu ina tsaye bayan injin niƙa
a Rijiyar Ɗorowa.
Gero, dawa, masara, har jiƙaƙƙen wake in an kawo.
Ran da na sayar da injin na ce, to, yau kunne ya huta.
Ashe ya bar mini ɗansa a ciki.

An ce in kunne ya yi ƙara, wani ne ke ambatonka.
To wane ne wannan da ba ya gajiya,
shekara bakwai yana kiran sunana,
ba ya kurɓar ruwa, ba ya tashi salla?

Na ɗiga man darbejiya.
Wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya.
Tumba ta haska da tocila, ta leƙa, ta sake leƙawa,
ta ce, "Modi, ba kowa ciki."
Dare ya fi muni. In an ɗauke wuta a bazara,
fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit,
ni kaɗai ake yi wa biki.

Likita Murjanatu ba ta ce za ta warkar da ni ba.
Abin da ya zaunar da ni ke nan.
Ta ce, "Baba, gwaji ne, mu ma nema muke yi.
Mutum sittin, kashi biyu, ƙuri'a za ta raba ku.
Wasu za su saurari sautin da muke zaton magani ne,
wasu wanda ba komai a cikinsa.
Ba za ka san naka ba, ni ma an ɓoye mini.
Ran da ka gaji ka tafi, ba mai riƙe maka riga."
Sau biyu ta karanta mini takardar.
Na sa sunana da ajami,
na zama lamba arba'in da uku.

Ɗakin ƙarami ne, bangonsa kamar katifa.
Ta rufe mini kunnuwa da na'ura,
tana murɗa wani abu a hankali,
yadda nake sassauta bel in gari ya yi tsaki.
"Wannan ne?" A'a, ya yi kauri.
"Wannan fa?" Ƙara sirantawa.
"Wannan?"
Na ɗaga hannu. Hannun yana rawa.

Sai ta kira Tumba daga benci,
ta sa mata a kunne.
Ko ƙirga goma ba a yi ba, Tumba ta fizge,
ta dube ni yadda ba ta dube ni ba tun muna yara.
"Da wannan kake kwana?"
Na ce, da shi nake sallar asuba.

Mako goma sha biyu, kabu-kabu na kai ni duk Talata.
Awa biyu kullum ina jin wani shuu
kamar Rima in ta cika tana wucewa ƙarƙashin gada.
"Daga sifiri zuwa goma, yau nawa?"
Da takwas na fara. Na sauka shida.
Ladan mai walda, da muke raba goro a layi,
da bakwai ya zo, da bakwai ya koma Mabera.

Na tambaye ta, maganin ne, ko zuciyata ce ta gaji da faɗa?
Ta ce sai bayan damina za a buɗe ambulan,
kuma mai yiwuwa amsar ba ta yi mana daɗi ba.
Ban ji haushi ba.
Na san hatsin da sai an mayar da shi inji sau uku.

Jiya ma an ɗauke wuta.
Muna kwance a tsakar gida, Tumba ta ce, "Yana nan?"
Na ce yana nan.
Ta juya, ta gyara zane.
"To, ka gaishe shi."