Mai Karatu a Juye

A ajina na Kusuri
yara ɗari da goma sha bakwai, benci tara.
Wanda ya yi sammako ya samu katako,
saura ƙasa, gwiwa ce teburinsu.

Barka kullum ƙasa.
Sai ya taya babansa janye taru daga kogin Lagon
kafin ya iso, da ƙarnin kifi a hannun riga.
Yara su matsa, su toshe hanci.
Hapsatu kaɗai ba ta matsawa.
Babanta na aikin kwastan a bakin gada,
littafinta ɗaya ne cikin huɗun da ke ajin duka.
Tana kan benci, yana ƙasa yana fuskantarta,
sai ta ɗan karkato littafin
kamar hannunta ne ya gaji.

Haka ya koyi baƙaƙen Faransanci, ƙafafunsu a sama.
Ranar da na miƙa masa littafi daidai
ya ƙura ido, gumi ya karyo masa,
can ya juya shi a hankali, kai ƙasa,
ya zuba karatu kamar ruwan Agusta.
Aji ya fashe da dariya.
Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Ni malamin iyaye ne, gwamnati ba ta san sunana ba.
Albashina karo-karo, in an tuna.
Akwai safiyar da na shigo da zafin maganar mai gidan haya,
na sauke shi a tafin hannun yaro
don ya amsa mini da harshen uwarsa.
Hannun Barka ne.
Sati biyu bai sake ɗaga shi ba.

Shekarar da kogi ya fasa shinge
makarantarmu ta koma masauki,
tukwane a gindin allo, awaki a ofishin darakta.
Muka fita ƙarƙashin darbejiya.
Can babu benci, kowa ƙasa.
Hapsatu ta zauna gefensa, kafaɗa da kafaɗa,
kafin ruwa ya janye baƙaƙe sun miƙe masa tsaye.
Ambaliya ta yi abin da na kasa.

Da jarrabawa ta matso aka ce
kowa ya kawo takardar haihuwa.
Babansa ya zo, hula a hannu:
"Malam, a kwalekwale aka haife shi,
tsakanin nan da Njamena,
shekarar da tarwaɗa ta yi araha.
Ga shi kuwa a tsaye, ko ba ka gan shi ba?"

Na gan shi.
Takarda ce ba ta gan shi ba.

Kotu na son shaidu, tana son kuɗi,
ɗan babur ma na son nasa, zuwa da komowa.
Na ranto jaka biyu.
Uwarsa ta karyar da bandar kifinta.
Hapsatu ta kawo kuɗin ƙosanta na sati uku
a ƙulle a bakin ɗankwali, ba ta gaya wa gida ba.
Takarda ta fito kwana tara
bayan an rufe sunaye.

Ranar jarrabawa ya rako ta har ƙofa,
ya fiƙe mata fensir da wuƙar gyaran kifi,
ya zauna a kan dakali har azahar.

Bana ya dawo, ya fi kowa tsawo,
takardar a leda, rataye a cikin riga kamar laya.
Ta rage masa shekara biyu, bai damu ba.
Hapsatu ta wuce gaba, ta bar masa littafin,
bangon ya cire, an ɗinke shi da zaren taru.

Jiya na juyo daga allo
na ga littafin a karkace a bakin benci,
wani ɗan ƙarami a ƙasa ya miƙa wuya
yana motsa leɓe.

Ban ce komai ba.
Na ci gaba da rubutu da guntun alli.
Wata biyar ke nan ina bin iyaye.