Irin da Sahabi Ya Aiko

Goma sha biyu ne cikin ambulan,
kowane da fiffike ɗaya kamar na fara.
Ya rubuta: Baba, sunanta momiji,
ba ta tsira sai ta sha sanyi wata uku.

Na jiƙa rairayin bakin kogi,
na binne su a gwangwanin tumatir,
na tura firigo, bayan kwanon nono.
Uwarsa ta ce, to, yau iri ya samu ɗakin
da masu gida ba su samu ba.

Kuran ya ɗauke daren Talata,
bai dawo ba sai Alhamis da la'asar.
Na sayo ƙanƙara ta dala ashirin a Bukoki,
na rufe gwangwanin kamar mai zazzaɓi.

Kwana tamanin da huɗu, uku suka fasa.
Na dasa su gindin randa,
na yi musu rumfa da tsohon zanenta.
Bazara ta ci biyu.

Ɗayar na nan, ba ta kai cokali ba,
ganye huɗu, kowane da yatsu biyar,
bakinsu a ƙone kamar gefen masa.
Tankari mai lambu a Gamkalle ya leƙa, ya ce,
da dogonyaro ka shuka,
da baɗi kana kwance a inuwa.
Gaskiyarsa.

Jiya Sahabi ya kira, nan azahar, can dare.
Na juya waya don ya gan ta.
Ya daɗe bai ce kome ba.
Ban tambaye shi ranar dawowa ba.
Na ce, kai fa, ka fara sabawa da sanyin?