Hawainiya Mai Keke

Ran Laraba, in an tashe mu daga Islamiyya,
ba ma tsayawa ajiye jaka.
Gudu muke ta lungunan Rijiyar Ɗorowa
zuwa zauren Maccido mai gyaran rediyo,
inda talabijin ke zaune bisa kifaffen turmi,
an lulluɓe ta da tsohon zanen Inna Ige
kamar jinjirin da ake tsoron sanyi ya kama.

Biyar da kwata.
Mode ya hau katanga ya kama eriya,
mu muna ihu daga ciki:
"Juya! Ta yi! A'a, koma baya! Tsaya nan!"
Shi bai taɓa ganin farkon shirin ba,
sai abin da muka ba shi, da ƙarin gishiri.

Sai ga ta, hawainiya bisa keke,
jakar wasiƙu rataye a wuya,
ido ɗaya na duban hanya, ɗaya na dubanmu.
Yaren da take yi ba mai ji a cikinmu.
Mu muka raɗa mata suna Ta-Salla,
don kullum, in ji Luba, cikin sabon kaya take.

To, nan rigimar take:
akwatin Maccido fari da baƙi ne.
In ta hau ganye ta rikiɗe, toka-toka muke gani.
In ta faɗa kwandon barkono, toka-toka dai.
Luba ta ce, "Wallahi yanzu ja ta koma!"
Sanda ya ce, "Ke, mi kis sani? Shuɗiya ta!"
Har mari an sha
a kan launin da ba wanda ya gani.

Na fi son ranar da guguwa ta kwashe wasiƙun,
ta bi su ɗaya-ɗaya tana cafkewa da harshe,
ta ƙarshen ta manne mata a baki,
haka ta kai wa tsohuwar jimina, tana gaisuwa da hanci.
Dariya ta sa Sanda ɓarar da kunu kan tabarma,
aka kore shi, ya ƙarasa kallo ta taga.

Sai ranar da ruwa ya ci gada.
Damina ce, Rima ma ta shiga gonar babanmu.
Ta ɗora keke a ka,
ta bi ta gadon bayan kada yana barci.
Ban saki numfashi ba sai da ta taka tudu.

Akwai guda da ba mu ga ƙarshenta ba.
Wasiƙa ce babu suna, babu adireshi.
Ƙofa-ƙofa ta bi, kowa ya girgiza kai,
har dare ya yi mata a gaban wata 'yar bukka.
Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa,
aka ɗauke wuta.
Muka zauna cikin duhu da zufa, ba mai motsi,
har ladan ya kira Magariba.
Laraba ta gaba, wani mai kwat ne ke bayanin taki.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan.
Maccido ya riga mu gidan gaskiya,
zaurensa yanzu shagon cajin waya ne.
Luba na karɓar haihuwa a asibitin Wurno,
Sanda na jan tanka, sai Salla-Salla.

Jiya 'yata Ruƙayya ta tono min ita a waya,
da launinta, har ido na yaji.
Na kira Luba tana tsakiyar aiki:
"Ke kika yi gaskiya. A kwandon barkono ja ce."
Ta yi shiru, sannan ta ce, "Gaya wa Sanda."

Ta wasiƙar ma tana nan, minti tara.
Na kalla har gaban bukka,
har ta ɗaga hannu,
sai na kife wayar.
Na aika wa Mode ya zo ran Laraba.
Wannan karon a ciki zai zauna,
kuma daga farko za mu soma.