Mai Gyaran Agogo a Wunti

Shekara talatin da huɗu ina rumfar nan,
bakin Kasuwar Wunti, jikin masu ɗinkin takalma,
gilashi maƙale a idon dama,
hantsaki a hannu, numfashi a riƙe,
don atishawa ɗaya kan kwashe aikin yini.
Na ɗauka na ga iyakar ƙanƙanta.

Sai Zuwaira ta zo hutu daga Gubi,
ta zauna a bencina tana ɓare gyaɗa.
Ta ce, "Baba, kusoshinka ai turame ne.
Ana ƙoƙarin ƙera injin da ƙwayar gero
za ta zame masa Dutsen Zaranda."
Na ce, to wa zai ɗaure masa kusa?
Ta yi dariya har ɓawo ya zube.

Ta tsinko silin gashi a gefen ɗankwali.
"Tsaga wannan gida dubu.
Ta allura za su shiga, su bi jini kamar masunta,
su tarar da gudan da ya tare hanya,
su gutsure shi sannu-sannu,
su ajiye magani a ƙofar ciwo kaɗai,
ba ruwansu da hanta, ba ruwansu da gashi."

Ban ce uffan ba.
Ita ma ta san inda zuciyata ta tafi.
Tabawa na shanya, ranar wata Laraba,
bakinta ya karkace, zane ya faɗi a taɓo.
Likita ya ɗaga hoto a hasken taga,
ya ce abin bai wuce ƙwayar riɗi ba.
Ni da ke buɗe cikin agogo in fitar da tsaba,
na tsaya da hantsakina a aljihu
kamar wanda ya zo kallo.
Da a ce akwai su a ranar,
da na sayar da rumfa, da gilashin, har da benci.
Ko kuɗin zai kai, wannan ban sani ba.

Amma 'yata, ji daga wanda ya tsufa da ƙananan abubuwa.
Ƙarƙashin teburin nan akwai kusa ta fi ɗari.
Na durƙusa, na share, na ja maganaɗisu,
ƙasa ta ce ba ta gan su ba.
Naki in sun gama aiki, ina za su kwana?
In sun bi fitsari, suka bi lambatu,
suka faɗa rafi, kifi ya haɗiye,
wa zai tsaya a bakin ruwa ya kira sunansu?

Ga wata kuma, ban taɓa gaya wa kowa ba.
Shekarar da masara ta yi tsada
na sassauta wa wani malamin makaranta kusa ɗaya
don ya dawo bayan wata biyu.
Ya dawo. Ya biya. Har ya yi mini godiya.
Wannan agogon hannu ne, ana tuɓe shi a ajiye.
Wanda ke da mabuɗin abin da ke yawo a jininka,
ranar da tasa masarar ta yi tsada fa?

Ta daɗe tana juya gyaɗa ɗaya a tafi.
Ta ce, "Wasu, an ce, za su narke da kansu.
Sauran tambayar ba mu kai babinta ba."
Na ce, ku kai kafin ku cika sirinji.

Aka kira azahar.
Agogo tara a bangon rumfa,
babu biyu da suka yarda da juna.
Na ɗauko maganaɗisun na sa mata a jaka.
Ta ce, "Baba, wannan ba lallai ya kama su ba."
Na ce, na sani. Tafi da shi dai.